Hajiya Ta Wanke Mini Jirgin Yaƙi

Na dawo daga masallaci na tarar da jirgina tsirara a kan tebur, babu filafili ko ɗaya.

Tun da na yi ritaya nake sassaƙa shi da katakon maɗaci. Ƙaramin jirgin ruwan yaƙi ne irin na da, har da bindigoginsa na igwa da igiyoyinsa. Na ƙare ƙuruciyata ina zana gadojin da aka yi ta kullewa a durowar ofis. Wannan ne kaɗai aikin da na ce ba mai sa mini hannu.

Filafilan kuwa, wato ƙyallayen da iska ke turawa, da gangan na jiƙa su a ruwan shayi don su yi kalar tsufa.

Ina leƙa tsakar gida na gan su a igiyar shanya, fari tas, har da bula.

Na ce, "Hajiya, me na yi miki?"

Ta ce, "Surukanmu na Maitumbi za su zo gobe. So kake su ce ba na yi maka wanki?"

"Ai dattin shi ne adon! Jirgin da ya sha teku ne."

"Wace teku, Baban Hauwa? Ko dam ɗin Tagwai bai taɓa zuwa ba."

Gaskiyarta, don ni ma mai jirgin iyakata Tagwai.

Yanzu ga ta can tana yi musu guga. Jama'a, in sake dafa shayi, ko in bar shi ya tari baƙi da fararen kaya?