Hannu Goma Sha Tara

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Mayu, ina tsaye bayan kanta a kemis ɗina ina rubuta wa wata tsohuwa yadda za ta sha maganin hawan jini, sai ga kiran babbar 'yarki. Tun daga sallamarta na gane. Ta ce kin cika da safiyar nan, bayan kwana goma sha ɗaya a asibiti, kina da shekara saba'in da uku. Na yi miki addu'a, na ajiye wayar, na ƙarasa wa tsohuwar rubutunta, sannan na zagaya bayan kwalayen magani na zauna na yi kukana.

Malama, na yi niyyar wannan rubutu ya fito da nauyin da ya dace da mutuwa, amma duk inda na dafa a cikin tunaninki sai in tsinci kaina ina murmushi. Ki yi mini uzuri. Ke kika saba mana da haka, domin ban taɓa ganin wanda ya koyar da labarin kisa da nadama aji yana ta ƙyalƙyala dariya ba sai ke.

A ajin ƙarshe na sakandare kika same mu, mu talatin da takwas, kina koya mana adabi. Cikin littattafan jarrabawarmu akwai wani tsohon wasan kwaikwayo mai ban tausayi, labarin wani na hannun daman mai mulki da kwaɗayin kujera ya sa ya hallaka ubangidansa, ya hau kujerar, daga ranar kuma bai sake samun kwanciyar hankali ba har ya mutu. Kwafi goma sha ɗaya kacal makarantar take da shi, wasu ma babu bango. Ba ki taɓa zama kina kukan rashin littafi ba. Kika raba mu uku-uku, huɗu-huɗu, kai na gugar kai, kika ce ai dama ba a rubuta shi don mutum ya karanta shi kaɗai a lungu ba.

Doguwar rular allo ta zama takobi. Kwalin alli ya zama hular mulki, duk wanda ya sa ta sai ya fita da farin kai kamar ya tsufa a darasi ɗaya. Kujerarki mai ƙafa ɗaya gajera ita ce gadon mulkin, kuma kina cewa haka ya fi dacewa, duk wanda ya hau ta wannan hanya bai kamata ya zauna daidai ba. Kina da wata mugunta mai daɗi: sai labari ya kai inda numfashi ke tsayawa, sai ki rufe littafi tun kafin a buga ƙararrawa, ki kwashi takardunki ki fice. Mu biyo ki baranda muna roƙo, ke kuwa ko waiwaye. Yaran da ba su taɓa buɗe littafi da son ransu ba, a shekarar nan har rigima suke yi kan wanda zai tafi da kwafi gida ranar Juma'a.

Alherinki ba a allo ya tsaya ba. Akwai yarinyar da idonta ba ya ganin rubutu daga nesa tana ɓoyewa, ke kika gane, kika dawo da ita layin gaba da hujjar wai surutu ya yi mata yawa a baya, alhali ko tari ba ta yi. Akwai wanda mahaifinsa ya rasu ana saura wata biyu jarrabawa, kika riƙa zama da shi bayan an tashi, kina gyaran takardu yana karatu a gefenki, ba ki cika shi da nasiha ba. Kowa a ajin nan yana da irin nasa labarin. Nawa ne dai ya fi na kowa rashin kyau, kuma shi zan faɗa, don a nan ne na san ko ke wace ce.

Duk shekara ɗalibanki sukan nuna wasan a zauren makaranta, kuma kina da yadda kike zaɓar wanda zai fito a babban matsayi. Masu so su karanta a gaban aji, sannan kowa ya kifa kai a tebur ya rufe ido, a kira suna, a ɗaga hannu. Ke kuma ki juya baya ki fuskanci allo, don kin ce ba kya son sanin wanda ya zaɓi wane, kada abin ya biyo ki wurin ba da maki. Monitan aji ne yake ƙirgawa, ya faɗi wanda ya ci, ba tare da adadi ba, don kada wanda ya faɗi ya ji kunya.

A shekararmu ni ne monita, kuma ni ne ɗaya daga cikin masu nema biyu. Ɗayan abokina ne, wanda muke kira Injiniya saboda shi yake tayar da fankar ajinmu duk lokacin da ta mutu. Injiniya yana da in'ina mai nauyi, kafin ya amsa sunansa an wuce mutum biyu. Abin mamaki, ranar da ya tsaya ya karanta jawabin mutumin nan, harshensa ya sake sarai, muryarsa ta cika ajin, har malamin lissafi ya leƙo daga aji na kusa. Ni kuwa na riga na gaya wa duk gidanmu cewa matsayin nawa ne.

Wata yarinya ta ce, “Malama, ai Monita ɗan takara ne, ya za a ce ya ƙirga?”

Kika ce, “To sai me? Ɗan takara ba shi da amana ne?” Kika juya baya.

Na ƙirga sau biyu. Hannu goma sha tara na Injiniya, goma sha bakwai nawa. Na dubi bayanki, na dubi kawuna talatin da bakwai a kife, na buɗe baki na faɗi sunana. Aka tafa. Injiniya ne ya fara miƙo mini hannu.

Abin da ya biyo baya, in na tuna yau dariya yake ba ni, amma a lokacin azaba ce. Wata biyu ina tsayawa gaban aji da kwalin alli a kai, ina faɗin maganganun mutumin da ya ci amanar wanda ya yarda da shi, Injiniya kuma yana bayan labule yana riƙe da littafi, yana tuna mini duk layin da na manta. Idan aka zo wurin nadamar, muryata rawa take yi, gumi ya jiƙa mini riga. Ke kuwa sai ki tsayar da aji ki ce su dube ni da kyau, wannan shi ne shiga cikin labari, a ina yaron nan ya samo wannan baiwa? Duk yabon da kika yi mini sai in ji kamar an ɗora mini bulo a ƙirji. Ranar wasan iyaye suka miƙe tsaye suna tafi, mahaifiyata har da hawaye, ni kuma na kasa cin abinci.

Bayan mako guda na same ki a ofishin malamai ke kaɗai, na faɗa miki komai. Na zata kin sani tun farko, kamar yadda muke zaton malamai sun san komai. Ashe ba ki sani ba. Kika cire tabarau kika ajiye, kika daɗe kina kallona, na ga ranki ya ɓaci ƙwarai. Sannan kika ce, “Nawa haƙƙin na yafe, amma nawa kaɗan ne. Mai babban kaso yana can a aji. Ba zan faɗa masa ba, ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ka sani, ba zan daina tambayarka ba.”

Na ce gobe zan faɗa masa. Goben nan ta ɗauke ni shekara ashirin da takwas.

Kin cika alkawarin nan biyu, Malama, cikawar da har haushi take ba ni. Ranar da na zo nuna miki sakamakon jarrabawa, kika taya ni murna, kika sa baki kusa da kunnena: “Monita, ka faɗa masa?” Ranar ɗaurin aurena, ana tsakiyar gaisawa da baƙi, Injiniya na tsaye a gefena a matsayin babban aboki, kika ɗaga mini gira kawai, na gane. Da na buɗe kemis kika zama mai sayen magani a wurina, kina wuce shaguna uku a hanya don ki zo nawa, kuma na san ba arahata ce take kawo ki ba. Ki karɓi ledarki, ki kai bakin ƙofa, ki waiwayo. Har matata ta taɓa tambayata wane saƙo ne wannan da tsohuwar nan take ba ni kullum ba na isarwa. Ba ki taɓa yi mini wa'azi ba, ba ki taɓa canza mini fuska ba, kin ɗauki 'ya'yana kin yi musu wasa. Tambayar ce dai ba ki sauke ba.

Ni kuma tsoro ne ya riƙe ni. Injiniya ya zama mai gyaran firij, ya zama ɗan'uwan da ba a haifa mini ba. Shi ya kai matata asibiti ranar haihuwar farko ina kan hanya. Duk shekarar da ta ƙaru sai maganar ta ƙara nauyi, ina ganin in na faɗa zan rasa shi.

Ranar Asabar da ta gabaci rasuwarki na zo duba ki da la'asar. Kin rame, ana ƙara miki ruwa, magana tana yi miki wuya. 'Yarki ta riga ta gaya mini a baranda abin da likita ya ce. Na zauna na gaishe ki, kika buɗe ido, kika motsa leɓe. Sai da na sunkuyo na ji. Tambayar nan ce. Na tashi na fita.

Na sami Injiniya a shagonsa kwance a bayan wani tsohon firij, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce ya fito, ya ce in faɗa yana ji. Na faɗa wa ƙafafun nan komai, daga farko har ƙarshe. Ƙarar sifana ta tsaya. Ya jawo jiki ya fito, ya zauna a kan wani bokiti da aka kife.

Ya ce, “Na-nawa ka ce?”

Na ce, “Goma sha tara.”

“Kai fa?”

“Sha bakwai.”

Ya dubi hannuwansa masu baƙin mai. Can ya ce duk zamanin nan ya ɗauka mutum uku ne ko huɗu suka ɗaga masa hannu, su ma don tausayi. Ya ce tun ranar bai sake miƙewa ya yi magana a taro ba, ko taron iyaye a makarantar 'ya'yansa matarsa yake turawa. A nan ne na san girman abin da na sata, kuma ba hular kwali ba ce. Ya ce, “Kai mugu ne, Monita.” Na ce na sani. Sai ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira matarsa, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, “Maman yara, ashe ni na ci!” Muna jin ta tana cewa ya ci me, gasa ya shiga bai gaya mata ba? Dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, muka yi ta yi muna kuka kamar marasa hankali.

Ko wanke hannu bai yi ba muka taho wurinki. Da kika gan mu tare, da yanayin idanunmu, ba sai da aka yi miki bayani ba. Kika yi murmushin da har 'yarki ta ce rabon da ta gan shi tun kafin ciwon. A hankali kika ce ba ki taɓa ba ɗalibi aikin gida ya daɗe haka bai kawo ba. Kika dubi Injiniya kika tambaye shi ko ya yafe.

Ya ce, “Ina tu-tunani tukuna, Malama.”

Kika ce, “Yi tunaninka, kada ka yi sauri. Shi ma bai yi ba.”

Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinki, kuma da dariya muka fito daga ɗakin.

Bayan an kai ki makwancinki, tsofaffin ɗalibanki muka taru muka je gida yi wa iyali gaisuwa. Da aka ce wani ya yi magana a madadin ajinmu, idanu suka juyo kaina kamar yadda aka saba. Kafin in motsa, Injiniya ya miƙe. In'inar ta kama shi tun a kalmar farko, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Bai zauna ba. Ya daɗe ƙwarai kafin ya kai ƙarshe, kuma babu wanda ya ko gyara zama. Har yau bai ce mini ya yafe ba, ni ma ban matsa masa ba, amma a motarsa ya mai da ni gida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Baba, wanda ya yi haƙuri da mu shekara da shekaru muna cika masa tsakar gida da hayaniyar gwajin wasa, da 'ya'yanki huɗu da jikokinki, da 'yan'uwanki, da malaman da kuka yi aiki tare, da dukkan waɗanda suka taɓa zama a ajinki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Allah ya jiƙanki, Malama, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarki. Kin rufa mini asiri shekara ashirin da takwas, ba ki kuma bar ni na mutu da haƙƙin mutum a wuyana ba. Allah ya rufa miki naki asirin ranar da za a tambayi kowa.