Ranar da Na Ce Ya Turo

Shekarar da na gama sakandare, wani tela daga Yako ya riƙa zuwa zance wurina a Kiru. Mutumin kirki ne, amma hira ta gagare shi. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida, can kuma ya sake gaishe ni. Babana ya ce in ba na so in sallame shi, kada a ɓata wa ɗan mutane lokaci. Ni kuwa na rasa inda zuciyata ta dosa.

Wata Juma'a bayan la'asar shirun ya ishe shi, ya jingina wayarsa da buta a bakin tabarma, ya kunna mana fim mai fassarar Hausa. Jarumin ƙato ne har da gemu, amma hankalin ɗan yaye gare shi. Ya je wurin budurwa ya cinye abincin da aka kawo musu, ya yi mata gatse, da ta ƙi dariya ya yi zuciya ya tafi. Haushinsa ya cika ni, kuma na kasa ɗauke ido. Me yarinyar ta gani a jikinsa? Shi kuma na gefena, duk finafinan duniya me ya sa ya zaɓo wannan?

Sai na koma kallon telan ta wutsiyar ido. Da jarumin ya kunyata yarinyar a gaban ƙawayenta na zaci zai ƙyalƙyale da dariya, sai ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Kai, bai kyauta ba." Wannan ya burge ni.

Aka kira magariba fim bai ƙare ba. Ina naɗe tabarma na ce, "To, ka turo mana." Fim ɗin nake nufi, ya turo min a wayata.

Ya zabura har ya kifar da butar. "Da gaske?"

"Da gaske mana, ina son in ga ƙarshen abin."

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa na gane ɓarnar da bakina ya yi. A wajenmu in aka ce wa saurayi ya turo, magabatansa ake nufi, su zo neman aure. Lambarsa tana wayata, na nemo ta, na daɗe ina kallonta, na ajiye wayar.

Ranar Lahadi baffanninsa suka iso da goro. Babana ya shigo cikin gida ya same ni ina tankaɗe.

"Ke, wai ke kika ce ya turo?"

Na dubi ƙasa. "Ni ce, Baba."