Yatsan da ke Jin Masara

A duk yankinmu na Iowa, can Amurka, babu wanda ya taɓa ganin Orval Tjaden ya yaye bawon masara don ya leƙa cikinta. Ɗan kawuna ne, kuma tun yana yawo da majina a hanci yake raina masu leƙe. Teburin da yake sayar da masara na bakin titi ne, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya. Idan masara mai zaƙi ta nuna, layin motoci kan miƙe har gari na gaba, wasu ma sun ce har jihar makwabta.

Sai ya ɗauki goyon masara, ya ɗora babban yatsansa na dama a kan bawon, ya ja shi daga gindi zuwa gemu, idonsa na kan gajimare. "Wannan ta cika." Ya ɗauki wata. "Wannan da tsutsa, barci take yi." Na rantse har jinsin tsutsar yakan faɗa. In wata 'yar birni ta kai hannu za ta yaye bawo, sai ya ce, "Haba uwargida! Wadda kika buɗe wa zai saya? Kafin ki kai gida ta bushe."

Shi ke zaɓen masarar bikin coci na kowace shekara. Da bawonta ake gasa ta, ba a buɗewa sai a kan faranti, gaban kowa da kowa. Tun yana saurayi ba a taɓa samun mai giɓi ba, kuma da wannan yake taƙama fiye da 'ya'yansa.

To, tsufa bai tashi kama shi a gwiwa ba kamar mutanen kirki, sai a gindin wannan yatsa. Da fari zafi, daga baya ya kasa buɗe murfin kwalba, maɓallin riga ya zama abokin kokawa. Can sai yatsan ya yi shiru. Ya shafa masara, ya ji kamar yana sanye da safar hannu ta lokacin ƙanƙara.

Wata safiya matarsa Marlys ta zagaya bayan rumbu, ta same shi a tsugune, ya ɗan yaye bawo yana kanne ido ɗaya.

"Orval Tjaden! Leƙe?"

"Iska nake ba ta."

"Tsoho, tashi ka sa rigar kirki. Wajen Dokta Kuchera za ka."

Dokta Kuchera ita ce mai daidaita gaɓoɓi, wadda ɗakinta ke kusa da shagon aski. Orval ya sha cewa masu zuwa wurinta ragwaye ne. Don haka ya ɓoye motarsa a bayan ma'ajiyar hatsi, inda duk manoman gari ke shan kofi.

Ta ba shi wani ƙarfen auna ƙarfin hannu, mai allura irin ta sikeli, ta ce ya matse. Ya matse har jijiyar wuya ta fito, allurar ta ɗan gyara kwanciya.

"Ka fara, Mista Tjaden?"

"Ƙarfenki ya lalace."

Ta kama yatsan, ta lalubi gaɓar, ta juya shi a hankali tana tambayarsa lafiyar aladunsa. Yana cikin ba da amsa ta ja. Ƙas! Karnukan gonaki uku suka yi haushi. Orval ya duba ya ga yatsan na nan a manne, ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce ya dawo mako mai zuwa, ta haɗa shi da ƙwallon roba ya riƙa matsawa a gida.

Ƙarfi kam ya dawo, har ya yi yawa. Ya buɗe duk kwalaben da Marlys ta adana don hunturu, kawai don ya ji daɗi. Ya gaisa da fasto a ƙofar coci, fasto ya yi wa'azin mako biyu da hannu ɗaya. Amma in ya shafa masara, shiru. Ga biki ya matso. Ko ya yi leƙe a ɓoye kamar ɓarawo, ko ya ce a nemi wani ya zaɓa.

Ya koma wurin Dokta Kuchera fuska a murtuke. "Yarinya, ƙarfi kika ba ni. Ni ba ɗan dambe ba ne. Ji nake so."

Ta ce ya rufe ido. Ta taɓa kan yatsan da tsinke biyu a jere. "Ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya."

"Biyu ne." Ta matso da su, ta nisanta su, yana ta faɗuwa. Sai ta ɗauko hannun hagu don ta kwatanta. Biyu. Ɗaya. Biyu, ko da sun kusa haɗewa. Bai kuskure ba.

"Ji zai iya dawowa, zai iya ƙi, ba zan yi maka alkawari ba," in ji ta. "Amma wannan fa, me ya yi maka?"

"Hagu? Ai wannan na riƙe kwando ne."

"Shi ya sa yake sabo fil. Tun haihuwarka hutu yake yi."

Ya fita yana guna-guni, amma da yamma Marlys ta gan shi da kwando a bayan gida. Shi ya shafa da hagu ya faɗi abin da ke ciki, ita ta buɗe ta ce ya ci ko ya faɗi. Da fari hagun ya yi ta ƙarya. Sun ci masara safe, rana, yamma, har aladu suka fara juya musu baya.

Ranar biki, yana tsaye kan tulin masara, sai ga Delbert, abokin hamayyarsa mai tebur a ɗaya titin.

"A'a, tsohon gwani! Yau da hagu? Ina mai gidan?"

"An ƙara masa girma," in ji Orval. "Yanzu shi ke gaisawa da masu surutu." Ya miƙa dama. Delbert ya karɓa, ya yi wata ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Aka gasa, aka raba, mutane suka fara yaye bawo. Orval ya ƙi zama, Marlys na riƙe da gefen rigarsa. Wannan ta cika, waccan ta cika, man shanu na gangara a haɓar kowa. Sai daga ƙarshen tebur aka ji ihu. Tsutsa guda, gasasshiya, kwance a kan masarar Delbert.

Duk idanu suka koma kan mai zaɓe. Orval ya goge hagunsa a wando ya ce, "Na sha wuya kafin na samo maka ita."

Har ya bar duniya yana rantsuwa da gangan ya yi. Marlys, wadda ta san kuskure ne, ta rufa masa asiri. Da hagu ya ci gaba da zaɓe har ƙarfinsa ya ƙare, kuma kowace shekara kwandon farko na Dokta Kuchera ne.

Teburin ya ruɓe tuni, bishiyar dai tana nan. Yanzu a babban kanti ake sayen masara, har da kwandon shara a gefe don masu yaye bawo, kowa na leƙe ido buɗe, ba kunya.