Asuwakin da Na Karya a Gidan Duwan

Salamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki. Sama da shekara sittin ina ɓoye wannan labari, ko 'ya'yana ba su taɓa jin sa cikakke ba. Kunya ce ta hana ni. Yau dai zan faɗa.

Lokacin Faransa na mulki, ba a gama gadar Malanbil ba, ina saurayi ina wanki da guga a gidan wani Bature, babban duwan, wato shugaban kwastan, a Gaya. A bakin rijiyar gidan akwai wani ɗan itace mai siraran ganye da fure ja-ja. Matar wanda ya riga shi zama a gidan ce ta shuka, ta koma ƙasarsu.

Wata safiya na manta asuwakina, na karyi reshensa. Ɗaci kamar dogon yaro. Na ce ai mai ɗaci shi ne mai magani. Ya zama asuwakina na kullum.

Kwana huɗu, tashin zuciya. Sai amai, sai gudawa, sai jiri.

Ranar da farar rigar mai gida ta koma ruwan ɗorawa a idona, na sake wanke ta har sau biyu, ranar na faɗi a bakin rijiya.

A asibiti anfirme, wato ma'aikacin jinya, ɗaya ne, Malam Hima. Ya fara ba ni kinin, don kowa ya ɗauka zazzaɓin sauro ne. Amma jikina ba zafi. Kowace safiya sai ya riƙe hannuna, yana kallon agogo yana motsa leɓe.

"Amadu, arba'in da biyu. Zuciyar saurayi ba haka take tafiya ba."

Ni ma ina jin ta. Ta buga, ta tsaya, in yi ta jira ta dawo. Tsoron wannan jiran ba ya faɗuwa.

Ga inda haushin kaina yake. Bakina ba daɗi saboda amai, sai na roƙi Inna ta je gidan duwan ta karyo mini asuwaki. Ta kawo dami guda. Ina kwance a gadon asibiti ina ta tauna abin da ya kwantar da ni.

Malam Hima ya gani. "Wannan fa?"

"Asuwaki."

"Na san asuwaki ne. Na wane itace?"

Ni da Inna ba mu san sunansa ba. Ya kwashe damin duka.

"Ba zan yi maka allura da ka ba. A nemo mini sunan itacen nan."

Kawu Bawa, ƙanen Inna, ya ɗauki reshe ya shiga gari.

Wanzami ya ce ɗan uwan tumfafiya ne, a ba ni nono mai tsami. Wani masunci ya faɗi suna da Dendanci, aka bincika, ashe ciyawar ruwa ce. Wata mai tallan nono ta faɗi nata da Fillanci, ta rantse kakarta da shi take wanke ƙwarya. Wani tsoho ya ce itacen aljanu ne, a je a ba shi haƙuri. Shi kuwa Baturen da itacen ke gidansa ya ɗaga kafaɗa ya ce fure ne kawai, ba ya komai.

Kowa da sunansa, kowa da jiƙonsa. Inna na jerawa a ƙarƙashin gado, Malam Hima na zubarwa.

Na ce, "Kawu, yau suna nawa?"

"Uku. Amma na ukun ya fi kama da shi."

Ya fi kama da shi! Ina nan ina ƙirga bugun zuciyata, shi yana zaɓen suna kamar za a raɗa wa jariri.

Rana ta uku Kawu ya gangara mafitar kogi. Tazugensa ya kwance, ya ɗana reshen a baki don ya ɗaure. Sai ji ya yi an make abin daga bakinsa. Wani direban kamyo ne, babbar motar kaya, ɗan Dahome, yana jiran jirgin fito. Saura kaɗan su yi dambe.

"Baba, mutuwa kake nema? Loriye roz ne! A Kutonu bakin hanya ake shuka shi, ko akuya ba ta kusantarsa."

Kawu ya riƙo hannun mutumin nan har gaban gadona. Malam Hima ya buɗe wani ƙaton littafi, ya duba, ya dube ni, ya sake duba littafin.

"Kwana nawa ka ce kana tauna wannan?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Allah ne kawai."

Aka tsai da kinin. Aka ba ni garin gawayi a ruwa, aka yi mini allura, aka hana ni ko tashi zaune. Hamsin. Hamsin da takwas. Ranar da ya ce saba'in, Inna ta fita waje ta yi kuka.

Kwana goma sha tara na yi. Magani ba mu biya ba, amma tunkiyar Inna ta tafi wajen ciyar da ni, Kawu ya rasa noman farko, aikina kuma aka ba wani. Sai da na yi wata biyu kafin in iya jan guga a rijiya.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Inna da Kawu da Malam Hima. Direban nan ko sunansa ba mu tambaya ba, har yau ina sa shi a addu'a.

Shawarata: in likita ya tambaye ku abin da kuka ci, ku faɗi duk abin da ya shiga bakinku, ko ba abinci ba ne. In kuna zargin wani itace, ku kai shi asibiti da ganyensa da furensa. Abin da ba ku san shi ba, kada ku yi asuwaki da shi, kada ku soke nama da shi, kada ku sa shi a murhu.

In kuma aka nuna muku ganye ba ku san shi ba, don Allah ku ce ba ku sani ba. Kwana uku na yi tsakanin rai da mutuwa, duk faɗin Gaya ban samu mutum ɗaya da ya iya faɗin haka ba.