Shafin Surukina

Shekarar da ofishinmu na unguwar Plateau ya ce duk shofer sai ya kawo takardar shaidar iya karatu ko ya sauka daga mota, na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwar Boukoki. Ranar farko na tarar da surukina, mahaifin matata, a bencin gaba. Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, ko ruwa ba na sha a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, na wuce can baya.

Muna tafiya lafiya da allo da alli, sai wani proje na masu ba da agaji ya kawo mana ordinater, wato kwamfuta. Wata madam mai tabarau ta yi mana bayanin abin da ake kira wiki: shafi ne a intanet, kowa ya rubuta nasa, kowa kuma yana iya gyara na wani. "A nan babu babba babu yaro," in ji ta. Muka tafa mata. Ta shiga mota mai sanyi ta tafi, ta bar mu da manyanmu.

Malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya ce ba mai samun takarda sai ya gyara shafin ɗan aji, kuma injin yana nuna sunan mai gyaran. To wa zai gyara na gaba da shi? Kowa ya nemi na ƙasa da shi, ƙarshe duk muka taru a kan wani tela, ƙaramin cikinmu. Ya rubuta yadda ake yanka riga, kafin a jima shafinsa ya koma nasiha kan tashi sallar asuba.

"Wallahi Mushe, sunana kaɗai suka bar mini," in ji telan.

Sai Mushe ya soke wannan duka, ya haɗa mu bibbiyu da ƙuri'a. Na ciro surukina.

Shafinsa kan kasuwar Lazaret ne, inda yake sayar da albasa. Ya rubuta cewa shi ya fara kafa rumfa a kasuwar, kuma albasar maƙwabcinsa ruɓaɓɓiya ce. Kalmomin a cunkushe kamar fasinjojin motar haya ta faba-faba.

Na ce, "Mushe, a canza mini. Uban matata ne."

"Injin bai san suruki ba."

"Ai shi injin ba ya da mata, Mushe."

Ya yi dariya, bai canza ba.

Na bi ta wurin matata, ita ta bi ta wurin mahaifiyarta. Ranar Juma'a bayan masallaci aka kira ni gidan surukina. Na cire takalmi na zauna a ƙasa.

"An ce kai za ka gyara ni."

"Ni wa, Baba? Shafin ne kawai."

"Shafin na wa?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce gyara abu ne mai kyau, amma ba za a ga sunana bisa nasa ba unguwa tana kallo. Ya faɗa mini lambarsa ta sirri ta shiga injin.

"Shiga da sunana. Mutum ya gyara kansa ba abin kunya ba ne. Maganar rumfa kuma kada ka taɓa. In ka gama, ka duba naka shafin a madadina, idona ba ya son hasken nan."

Na raba masa kalmomi, na cire maƙwabci, na bar rumfa. Na gyara nawa ma da sunansa. Ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba.

Da madam ta dawo, injin ya nuna mata dattijon da ya gyara kansa ya kuma gyara wani. Ta kusa kuka. Aka ɗauke shi hoto da yatsa bisa ordinater, aka ba shi takarda. Ni kuwa ta ce har yanzu ban fahimci aiki tare ba. Mushe ya san komai, ya kama share allon da babu rubutu.

Ofis ya mai da ni wankin motoci, na sake ajin daga farko. Da surukina ya ji, ya aiko matata da saƙo: in karatun ya yi mini wuya kada in ji kunya, in riƙa zuwa rumfa yana duba mini.