Baba Umara Mai Karatun Daɓe

A ƙauyenmu na bakin fadamar Guri, in kana son sanin waɗanda suka zauna a wani tsohon ɗaki, kada ka wahalar da kanka zuwa gidan mai unguwa. Nemi Baba Umara magini. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma ba shi guntuwar wuƙa ka ga karatu.

A nan duk matar da ta tare a ɗaki sai ta yi sabon daɓe a kan na da, wata don ɗaga ƙasa saboda ambaliya, wata don kada a ce ta gaji na wata. Shekara hamsin Umara yana gyaran ɗakunan nan, ya san hannun kowace. Aibinsa ɗaya, surutu. Ka tambaye shi ɗaki guda, sai ya ba ka tarihin unguwa har da na awakinta.

Bara wani dattijo, Alhaji Rilwanu, ya zo daga Haɗejiya. Mahaifiyarsa Saude ta rasu yana goye, kawunsa ya tafi da shi, ko kamanninta bai sani ba. Burinsa ya tsaya a ɗakin da ta zauna. Gidan kuwa ya sauya hannu sau huɗu, kuma mai shi na yanzu zai rushe shi ranar Asabar ya sa bulo. Ɗakuna uku ne, tsofaffin gari kowa ya nuna daban.

Umara ya durƙusa a ɗakin farko yana kankara, bakinsa bai huta ba. Daɓen sama na Bashira ne, mai rowar makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke ƙarfafa daɓe. Na ƙasa na Talatu matar masunci, wadda ke zuba tsakuwa kamar za ta yi titi. Daga nan sai ƙasar Allah. Ɗaki na biyu ma babu alamar Saude. Tausayin Alhaji ya kama ni, don har ya fara cewa a bari, wataƙila ba rabo.

A na uku, bayan ya wuce hawa biyu, Umara ya yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Ya ajiye wuƙar, ya share da tafin hannu. Daga bayan ƙofa sai ga sawun ƙafar jariri. Umara ya ce innarsa na cikin matan da suka yi gayyar daɓen, ita ta ba shi labarin yadda Saude ta kwance goyonta ta dangwala ƙafarsa tun ƙasa na ɗanye, ana yi mata tsiya.

"Alhaji," in ji Umara, "ashe tun kana jariri babban yatsan nan a karkace yake."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, hawaye na zuba. Ya durƙusa ya ɗora yatsu biyu a cikin sawun.

"Baba Umara," ya ce, "ashe a nan ta riƙe ni."