Na Ce Matar Ɗana Ƙaryar Ciwo Take

A wancan lokacin ni mace ce da ba ta san kwanciya don ciwo ba. 'Ya'ya bakwai na haifa a gidanmu na Ƙofar Wambai, ina dakan yaji ina aikawa kasuwar Kurmi, ban taɓa cewa wash ba. To, da matar babban ɗana ta fara kukan ciwon jiki, sai na sa mata ido. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi ta ce ko zane ya goge ta zafi take ji. In ta zo gaishe ni ba ta durƙusawa har ƙasa, sai ta ɗan rusuna ta dafa bango, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai. An kai ta asibiti, an ɗebi jini, an yi hoto, aka ce ba a ga komai ba. Ranar a gaban baƙi na ce ciwon da na'ura ta kasa gani sunansa son jiki.

Wata maƙwabciya ta nuna mini a waya wani mai gyaran ƙashin baya, yana murɗa mutane, ƙashi na ƙara. Allah ya sani, ba don ta warke na kai matar ɗan nawa wurinsa ba, so nake ta sha murɗa ta daina langaɓewa. Da mutumin ya taɓa ta, ya ce jikin nan ba ya son ƙarfi, a hankali zai bi shi. Ni na hana. Na ce ya danna sosai, ai na san halinta. Tana kwance tana kirana Umma, tana roƙona in ce ya bari, ni kuwa ina rungume da mayafinta ina cewa saura kaɗan. Ta fi mako ba ta iya ɗaukar jaririnta ba.

Daga baya wata likita ta gano cutar, wai fibromiyaljiya. Ta ce ciwo ne na gaske da ba ya fitowa a hoto, jijiyoyi ne ke mai da ɗan taɓi ya zama azaba, kuma lallaɓa shi ake yi da magani da isasshen barci da motsa jiki kaɗan-kaɗan. A zaure ɗana ya faɗa mini, ko ɗagowa bai yi ya dube ni ba.

Na nemi gafararta, ta ce ba komai. Amma ni na san da komai, kuma abin yana cina. Shekara biyu ke nan, ko na gan ta tana cije leɓe tana juya tuwo, in na tambaya sai ta ce lafiya lau. Mijinta ya ce shi ma abin da take ce masa ke nan.

'Yan'uwana iyaye, juriyarku ba mudun awon jikin wani ba ce. In 'yar mutane ta ce muku tana ciwo, ku yarda tun tana faɗa. Ni yanzu na yarda, amma ta daina faɗa.